Gide Sunan Mutum Ne

Yaya Gide ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ko karyawa ban yi ba. Babban ɗansa ne ya bugo waya daga Dabawa, ya ce, "Baba Isiya, tsoho ya cika." Na yi salati, na ajiye wayar.

Yanzun nan na dawo daga jana'iza. Ko riga ban cire ba, kuma raina a ɓace yake. Wanda ya san ba zai iya karanta dogon rubutu ba ya wuce abinsa, yau ba zan gajarta ba.

Sahu biyu muka yi masa. Na biyun ma bai cika ba.

Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin rugage daga Dutsin-Ma har Kurfi yana yi wa shanun mutane allura, shi ne yau aka rasa masu cika masa sahu biyu. Da na shigo gida na buɗe waya, sai ga wani matashi ya yi kwament a ƙarƙashin sanarwar rasuwar: "Au, dama Gide mutum ne? Ni na ɗauka zagi ne kawai." Har da 'yar fuskar nan mai dariya. Ka ji mini rashin ta ido!

To, mutum ne. Uwa ce ta haife shi, aka yanka rago aka raɗa masa Gidado, ake kiransa Gide.

Don waɗanda ba 'yan yankinmu ba: a nan, in mutum ya ci abincinka sannan ya tona maka asiri, sai a ce "ya yi Gide". A ruga su ce "o waɗi Gide". 'Yan makaranta kuma su ce "don't be a Gide". Harshe uku ana zagi da sunan bawan Allah ɗaya, fiye da shekara hamsin, yana raye yana ji da kunnensa.

Yau zan faɗi yadda aka yi. Ni kaɗai na rage wanda ya sani.

Ni da shi duk 'yan wajen Birchi ne, gidajenmu na noma da kiwo. Shi maraya ne, kawunsa Arɗo Buba ya riƙe shi. Da aka ce kowace ruga ta ba da yaro ɗaya a kai elementare a Dutsin-Ma, Arɗo ya ɓoye 'ya'yansa ya miƙa marayan. Haka ake yi a lokacin, kafin a ba mu mulkin kai. Aji uku ya ba ni.

Ranar da aka kawo ni makaranta ina kuka kamar an kai ni mahauta, shi ya raba furarsa biyu ya ba ni rabi. Ya ce, "Sha, ba a mutuwa a nan. Na duba."

Da na gama kwalejin horon malamai aka tura ni koyarwa Kurfi, shi kuma ya riga ya zama malamin dabbobi. Kekensa ya ba ni aro zango guda cur, shi yana bin rugage a ƙasa da jakar allura a kafaɗa. Da na yi magana ya ce, "Ticha ba ya shiga aji da ƙura a ƙafa." Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai Ticha.

Akwai wani Bature likitan dabbobi da ke zuwa rangadi daga Katsina. Gide ne tafintansa, don yana jin Turanci da Hausa da Fillanci. Baturen nan mutum ne mai son jifa da sunaye. In ya ga mai garke babba ya ce wannan Croesus ne. In ya ga dogari mai zafin hannu ya ce Nero ne. Wa ya san su a Birchi? Sai Gide ya juya ya ce wa mutane, "Ya ce kai Ƙaruna ne," ko "Ya ce wancan Fir'auna ne." Nan take kowa ya gane, a kwashe da dariya.

Wannan abu yana ba shi sha'awa ƙwarai. Ranar kasuwa in na shigo Dutsin-Ma, mukan zauna a inuwar ɗakin maganin dabbobi muna haɗa sunayen, na Turawa gefe guda, namu gefe guda. Mai haƙuri, mu da su duk Ayuba muke cewa. Mai kyauta, malamanmu su ce Hatimu. Rannan ya ce mini, "Ticha, ka lura? Su suna da Judas na maci amana. Mu ba mu da kowa a wurin nan. In Bature ya faɗa sai dai in yi ta kewaye-kewaye."

Muka yi dariya. Wallahi dariya muka yi.

Bayan mulkin kai da 'yan shekaru, annobar shanun nan da ake ce wa bushiya ta shigo. Yaran yanzu ba ku san ta ba, ku gode wa Allah. Saniya ta fara hawaye, miyau na dalala, baki ya yi gyambo, sai zawo mai wari, kwana kaɗan ta faɗi. In ta shiga garke sai ta ga bayansa. Dokar ita ce a yi wa masu lafiya rigakafi, waɗanda suka kamu a kashe a ƙone, a killace sauran.

Ta shiga garken Arɗo Buba.

Arɗo ya zaɓi 'yan kaɗan masu lafiya ya kai wurin allura, ya kora sauran cikin wani kwazazzabo bayan duwatsu ya ɓoye. Duk rugar an sani, ba wanda ya ce uffan. Al'adarmu ce: ba ka ƙirga shanun wani, ba ka faɗin ciwon garken wani, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya. Abin kunya ne babba. Amma shanun nan mashaya ɗaya suke sha da na kowa, kuma Arɗo yana shirin tura waɗanda ba su faɗi ba kasuwar Dutsin-Ma.

A lokacin an sa mini rana da Dije, 'yar Arɗo. Saura wata biyu biki.

Wata Juma'a na taso daga Kurfi zan je gaishe su, na yanke ta bayan duwatsun don in rage hanya. Warin ne ya fara tare ni. Na leƙa na gani da idona: uku a kwance, ungulu na jira, sauran na tsaye kai a ƙasa. Ban ƙarasa rugar ba. Na juya keke na nufi Dutsin-Ma.

Ku karanta nan da kyau. Ni na gani. Ni na kai labari.

Na tarar da Gide yana dafa allurai a tukunya. Na faɗa masa. Ya sauke tukunyar daga wuta, sannan ya ce, "Wa ya gan ka?"

Na ce ba kowa.

Ya ce, "To ba ka zo nan ba. Ni na gani." Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. "In Kawu ya ji daga bakinka ya fito, kai da Dije har abada, tsohonka kuma ba ya sake zama cikin mutane a Birchi. Ni ma'aikaci ne, aikina ke nan. Ka yi shiru har a sha bikinka."

Washegari shi kaɗai ya tafi wurin kawunsa. Ya durƙusa ya roƙe shi ya fito da shanun da kansa, a ceci abin da za a iya ceta. Arɗo ya ce ba shi da wasu shanu bayan waɗanda aka gani. Kwana biyu bayan haka motar likita ta tsaya a bakin duwatsun, Bature da dogarai a baya, Gide a gaba yana nuna hanya.

Har cikin Birchi an ga hayaƙin. Fiye da rabin garken ya tafi.

Amma ciwon bai kai kasuwa ba. Aka bi duk garkunan da ke shan mashayar nan aka yi musu allura, har da na ubana. Ku da kuke taƙama yau da shanun gado, ku je ku tambayi tsofaffinku ta ina suka tsira.

Arɗo ya tsaya a bakin ramin da aka ƙone shanunsa, gaban jama'a, ya yi magana da Fillanci. Ya ce ba za a ƙara raɗa wa ɗa sunan nan a zuriyarsa ba. Ya ce duk wanda ya sha nono a ƙwaryarka sannan ya nuna wa baƙo ƙofarka, sunansa Gide. Gide na tsaye. Baturen ya tambaye shi me tsohon ke cewa, ya ce masa, "Yana baƙin cikin shanunsa ne."

Arɗo ban riƙe shi a zuciya ba. Mutumin da ya ga dukiyar kakanninsa na cin wuta, komai ya faɗa a ranar ana iya yi masa uzuri. Ku fa? Me aka ƙone muku?

Masu tallar nono suka ɗauko maganar daga ruga suka sauke ta a kasuwa, ta koma Hausa. Kafin kaka ta wuce, mahauta na faɗa, 'yan kamasho na faɗa, mata na faɗa a bakin rijiya. Wanda bai taɓa mallakar ko akuya ba shi ma yana "ya yi Gide".

Aka sha bikina. Gide bai zo ba. Ya aiko da tunkiya, aka mayar masa da ita. Ina zaune cikin abokai da sabuwar riga ana tsine masa a gefena, ni kuwa ina cin tuwo.

Saura Turancin. Wannan kuma aikina ne.

Shekara biyu bayan haka, a ajina a Kurfi, ina koyar da sunayen da suka zama kwatance. Darasin ma daga hirarmu da shi na samo shi, ku ji ƙarfin hali. Na raba allo biyu. Na rubuta Croesus, yara suka ce Ƙaruna. Na rubuta Nero, suka ce Fir'auna. Na rubuta Judas, da niyyar in ce musu Hausa ba ta da kowa a nan. Kafin in juyo, aji duka ya ɗauka: "Gide, Sir!"

Ƙanen Dije na zaune a layin gaba yana kallona. Hedimasta na tsaye a taga yana murmushi, wai yara sun gane darasi.

Na rubuta.

Da hannuna, da allina, da kyakkyawan rubutun nan da ake yabona da shi. Yara suka kwafe a littattafansu. Yaran nan su suka zama malamai da akawuna da 'yan sanda, suka tafi da shi Katsina da Kaduna. Har yau akwai tsofaffin ɗalibaina da ke gaishe ni su ce, "Sir, ba mu manta darasin nan ba." Tir da wannan darasi, tir da mai koyar da shi.

Kun san abin da sunan nan ya yi masa? Sau biyu yana neman aure ana ce masa a'a, sai daga nesa ya samo mata. Ya bar Birchi ya koma Dabawa, bai sake kwana a garinsu ba. 'Ya'yansa sun sha duka a makaranta saboda faɗa a kan sunan ubansu. Babban, wanda ya bugo mini waya yau, da zai rubuta jarrabawar fita sai ya cire sunan daga takardarsa ya sa na kakansa. Ban ga laifinsa ba. Jikokinsa biyu suna jami'a a nan Dutsin-Ma, abokansu ba su san jikokin wa ne ba.

Amma fa in haihuwa ta gagari saniya, ko bijimi ya kumbura, wa ake aika wa? Shi. Masu zaginsa a kasuwa su ne ke zagayowa ta bayan gida suna "Malam, a taimaka." Malam kawai, ba sa iya kama sunan. Ya ɗauki jakarsa ya bi su, ya zura hannu har kafaɗa ya jawo musu maraƙi. Munafukai! Ko sau ɗaya ban ji wani ya tsaya cikin mutane ya ce Gide ya taimake ni ba.

Ranar da Arɗo ya rasu ya zo. Ya tsaya can ƙarshen maƙabarta cikin rana shi kaɗai, da aka shafa fatiha ya hau kekensa ya tafi.

Ni kuwa ina zuwa wurinsa, kada ku ce ban zuwa. Ina zuwa a ɓoye kamar mai zuwa wurin boka. Bai taɓa ɗaga maganar ba. Sai dai ya tambayi Dije, ya ce, "Tana nan da faɗanta?" Ya ba ni ƙwan zabi in kai mata, in ce a hanya na saya.

Dije ta rasu shekara bakwai ke nan, Allah ya jiƙanta. Ba ta sani ba har ta koma. In ɗaya daga cikin yaranmu ya kai ƙarar ɗan'uwansa, sai ta ce, "Kai, kada ka yi mini Gide a gida." Ina kan tabarma ina makin littattafai, in ƙara sunkuyar da kai.

Kullum abin da nake gaya wa kaina shi ne, ai shi ya ce in yi shiru. Amana ce ya ba ni. Da wannan na rufe bakina, har na fara ganin kaina mutumin kirki mai riƙe amana.

Ganina da shi na ƙarshe, bayan ƙaramar salla ne. Idonsa ya tafi, amma da na yi gyaran murya a zaure ya ce, "Ticha ne." Yana kan buzu, an jingina shi da bango, ya rame sosai. Muka taɓa hira. Da na ga yadda jikin ya yi sai tsoro ya kama ni, na ce, "Yaya, ka ba ni izini in faɗa wa mutane gaskiya."

Ya yi 'yar dariya har ta sa shi tari. Ya ce, "Izinin mi? Ni ce maka na yi ka yi shiru har a sha bikinka. An sha biki, Ticha. Sauran shekarun naka ne."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, "Ba ni jin haushinka, kada ka tafi da wannan. Ni na saba. Sai dai rannan 'yar jikata ta dawo daga islamiyya ta ce, Kaka, wai da gaske kai mugu ne?"

Na yi masa alkawari a wurin. Na ce Juma'a mai zuwa, in an sallame, zan miƙe a masallacin Birchi in faɗa da bakina. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Allah ya kai mu. Juma'ar ta zo na ce ƙafata na ciwo. Ta gaba na ce bari in fara gaya wa 'ya'yana. Ta gaba na ce bari a gama shuka. Ina ta lissafin yadda dangin Dije za su kalle ni, da yadda za a daina tashi in na shigo taro. Yau ga shi na zuba masa ƙasa da hannun da ya rubuta sunansa a allo.

Saboda haka haushin da nake ji da ku, kashi ɗaya ne cikin goman wanda nake ji da kaina.

'Ya'yana, na san a nan za ku fara gani, ku yi haƙuri. Garken kakanku na wajen uwa, bakina ne ya kai shi wuta. Kai labarin ban yi nadamarsa ba, ko yau na ga bushiya a kwazazzabo zan faɗa. Abin da na yi nadama shi ne na bar wani ya ɗaukar mini kaya, na hau gadon aure, na haife ku, na yi ritaya ana ce mini dattijo.

Dangin Arɗo, gidana sananne ne. Ina nan, ba inda za ni.

Jikokin Gide, musamman ke da kika yi tambayar nan: kakanku ba mugu ba ne. Bai ci amanar kowa ba. Ya je ya durƙusa wa kawunsa kafin ya kawo kowa, kuma ya rufa wa abokinsa asiri har kabari. A karanta mata wannan, don Allah, a fassara mata yadda za ta gane.

Sauran jama'a kuma, masu Hausa da masu Fillanci da masu Turancin, in har bakinku ba zai iya zama ba sai da sunan wani a ciki, ga nawa. Sunana Isiya. Duk wanda ya laɓe a bayan abokinsa ya bar shi yana shan zagi a madadinsa, ku ce ya yi Isiya. Ku juya shi da kowane harshe kuka ga dama, ku koya wa 'ya'yanku. Ni ina da rai, zan ji, kuma na cancanta. Shi ku sakar masa nasa.

Ya Allah, bawanka Gidado ya zo gare ka. Ka san abin da ya ɗauka, ka san wanda ya ɗora masa. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa haƙurin da ya yi ya zame masa haske. Ka ba iyalinsa dangana. Ka haɗa shi da kawunsa a inda ba sauran ɓoye-ɓoye, su daidaita. Ni kuma ka ba ni ƙarfin ƙafar da zan miƙe ranar Juma'ar nan.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya yi masa addu'a, ya tura wa na gaba. Amma kada wanda ya rubuta mini "Allah ya jiƙan musulmi" ya wuce.

Ku kama sunansa. Ku ce Allah ya jiƙan Gide.